Littafin Python Ba Na Hadda Ba Ne

Daren Laraba, Jikwoyi

Tun da na sayi littafin koyon Python, yaren ba kwamfuta umarni, nake haddace shi daga shafin farko, yadda muka saba a islamiyya. Yau oga ya ce in sa kwamfuta ta jera sunayen kwastomomi, sai na rasa ta inda zan fara.

Ladi, abokiyar aikina, ta yi dariya. "Hajara, wannan ba na hadda ba ne. Inda kike buƙata za ki buɗe."

Na ɗan ji haushi, amma da na dawo gida na buɗe tsakiya, na gwada, sunaye suka jeru. Alhamdulillahi. Sai dai har yanzu ji nake kamar na tsoma hannu a tsakiyar kwanon tuwo a gaban Baba.