Tukunyar da Ta Yi Ƙanƙara

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna? Yaya su yara?

Ni lafiya lau, alhamdu lillahi. Ina nan matatar ruwa, ina kula da tukwanen iskar kulorin da ake kashe ƙwayoyin cuta da ita. Tun bara nake gaya wa injiniya tukwanen nan sun yi mana kaɗan, a kawo manya. In aka ja iska da yawa daga ƙaramar tukunya, sai jikinta ya yi ƙanƙara, iskar ta daina fita. Ya ce in tsaya inda aka ajiye ni.

Ran Talata wata ta daskare. Abokin aikina, Dogo muke ce masa, ya kwara mata tafasasshen ruwa, yadda muke yi wa tukunyar gas a gida. Ashe akwai toshiya a wuyanta da zafi ke narkarwa; tana narkewa iskar ta fashe, ta cika ɗakin. Ni na jawo shi waje. Jiya muka binne shi. Yau da safe manyan tukwanen suka iso.

Ni ɗan tari ne kawai, likita ya ce zai sake ni a hankali. A sa ni a addu'a. In Inna ta tambayi abin da ya hana ni kira, ka ce wayata ce ta lalace. Don Allah kada ta ji muryata yanzu. Ka san ta, numfashi ɗaya zan ja ta gane.

Ƙaninka.