Takalmin da Inna Ta Yi Ɗawafi da Shi

Azare, Litinin

Ƙanena Sha'aban,

Bayan gaisuwa, ya iyali, ya sana'a? Na zaɓi takarda ne, don in ta waya ce zan faɗi abin da bai kamata ba.

Yau kwanan Inna tara da dawowa daga Makka. Duk wanda ya shigo yi mata barka, sai ta sa a miƙo takalmin da ka ɗinka mata, ta nuna inda ka buɗa fatar saboda ƙashin babban yatsanta da ya turo waje. Wai ba don shi ba, da a keke za a tura ta ɗawafi. Jiya a gaban surukaina ta ce, "Sha'aban ne ya kai ni Makka." Ina zaune a wurin, ni da na biya kujerar. Takalma uku na sayo mata a Kano, ko ledarsu ba ta kwance ba.

Ka huta lafiya.
Yayanka, Alhaji Yunusa

Misau, Laraba

Yaya,

Ina gaisuwa da girmamawa. Takardarka ta iso ta hannun direba.

Na Kano suna matse mata wurin ciwon ne, shi ke nan laifinsu. Ni na zauna a ƙasa na zana ƙafarta a kwali, sau huɗu ina warware ɗinkin kafin ta taka ba ta yamutsa fuska ba.

Amma tunda ka buɗe maganar, shekara talatin ke nan in Inna za ta nuna mu ga baƙi, sai ta ce, "Ga Alhaji Yunusa, ga kuma baduku." Ban taɓa rubuto maka ba. Wannan ɗayar dai ka bar mini ita.

Ɗazu ta kira ni tana kuka, wai takalmin ƙafar hagu ya ɓace tun daren Litinin, ko tsakar gida ba ta iya takawa. Na yanka sabuwar fata, amma zai ɗauke ni mako biyu. Don Allah a ƙara dubawa.

A gaida mutanen gida.
Sha'aban

Azare, Alhamis

Sha'aban,

Salamu alaikum. Ajiye fatarka. A cikin motata na ɓoye takalmin, ƙarƙashin kujera. Na mayar mata da safen nan, na ce a bayan randa na gan shi. Ta sa maka albarka, ta sa wa randar ma.

Kada ka gaya mata.

Yunusa