Tabon Ƙuna a Daɓen Babana

Inna Ok-bun, ki taimake ni kafin sanyi ya kankama. Kwanakin nan ina zaune a ofis ina maimaita karatun layi ɗaya ba na fahimta, hankalina yana ƙauyenmu a Yeongyang, ƙarƙashin daɓen ɗakin babana.

Baba ya kusa shekara tamanin, shi kaɗai yake zaune tun rasuwar mahaifiyarmu. Gidan irin na da ne: a hura itace a murhun kicin, hayaƙi ya bi ramukan da ke ƙarƙashin duwatsun daɓe ya ɗumama ɗaki, ya fita ta bututun baya. To, hayaƙinmu ya daina fita, ya gwammace zama da Baba. Yayana Dong-ryul, gwanin son iyaye ta waya, ya zo bara ya liƙe ƙofofin takarda da leda don kada iska ta shiga. Ta kuwa daina shiga.

Ranar Asabar na tarar da Baba dafe da kai. Ya ce tsufa ne, ya kurɓi ruwan kimchi mai sanyi, wato ruwan tsimin kayan lambu, wai da shi kakarmu take korar hayaƙi daga jiki. Na kira Pyo, mai gyaran irin wannan daɓe. Ya cusa ɗanyen ganye a murhu, muka tsaya muna kallon hayaƙi yana sulalowa ta gindin bango kamar zare. Ya ce kunkunniya ta toshe ramukan, yumɓu ya tsage. Sai an ɗaga duwatsun an kankare, a sake yaɓe, a shimfiɗa sabuwar takarda mai kauri da ake rufe daɓe da ita. Baba ya ba shi shayi, ya yaba iliminsa, ya raka shi har bakin hanya, sannan ya dawo ya ce mini ba mai taɓa masa daɓe yana raye.

Na san dalili. Kusa da murhu, inda ya fi zafi, takardar ta ƙone ta yi baƙi, faɗin tire. Nan Mama take tura kwanon shinkafata ƙarƙashin bargo don kada ya huce in na makara a makaranta. Nan kuma ta yi kwanciyarta ta ƙarshe. Tarihi na karanta a jami'a, na san darajar kayan da, amma ban taɓa jin an ba da uba fansar tabon ƙuna ba. Na faɗa masa haka, da kalmomin da suka fi waɗannan kaifi. Ya ce wadda take ɗumama ɗaki da danna maɓalli ba za ta koya masa wuta ba. Na ja masa ƙofarsa mai leda, na kama hanyar tasha.

Yanzu Yaya ya ce in ɗauko Baba da sunan ganin likita, a fasa daɓen kafin ya koma. Wani lokaci na ga dabara ce, wani lokaci na ga sata. Ko abinci na kasa zama in ci. In yi?

'Yar Auta, daga Daegu

'Yar Auta,

Gaskiyarki a kan hayaƙin. Ciwon kan nan gargaɗi ne, kuma ruwan kimchi ba ya maganinsa. Gobe ki koma. Ki yage ledar yayanki, ki rataya na'urar da take ƙara in iskar guba ta taru, kada a sake hura murhun sai an gyara. Ki tafi masa da bargon lantarki. Likitan ma a gan shi, amma da gaske.

Shawarar yayanki kuwa, ki bar masa kayarsa. Tsohon da ya dawo ya tarar an shafe wurin matarsa a bayan idonsa zai kwana cikin ɗumi, amma ba zai sake yarda ya shiga mota da ke ba, ko ran da ciwon ya zama na gaske.

Kin iya lura, 'yata, sai dai kin yi saurin jan ƙofa. Pyo ya yi maganar duwatsu, ke kin yi maganar mutuwa, ba wanda ya yi maganar tabon. Ki tambayi Pyo ko za a iya yanke wurin a ɗaga shi ɗungurungum, a mayar bayan aiki ko a adana. Ki yi tambayar a gaban Baba, ya ji da kunnensa cewa ke ma ba ki so ya ɓata. Ki gaya masa kina tuna kwanon. Ina zargin ba ki taɓa faɗa ba. Sannan a bar shi ya tsaya a kan aikin, ya yi faɗa da ma'aikata son ransa, kuma shi zai hura wutar farko.

In duk da haka ya ƙi, ki ce masa a ɗakin za ki riƙa kwana tare da shi. Ban san uban da zai hura wa 'yarsa wannan murhun ba.

Ran da daɓe ya bushe aka hura wuta, ki sanar da shi kina tafe, sannan ki shiga motar ƙarshe ta yamma. Ki makara da gangan, ya samu wadda zai tura wa kwano ƙarƙashin bargo.

Ina yi muku fatan hunturu mai ɗumi da iska mai tsabta.

Inna Ok-bun