Silon Zuciyar Mage

'Yata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina da ba a kawo mini. Tela maƙwabcina ke rubutawa, na ce masa kada ya gyara mini magana.

Magen marigayiya uwarki tana nan. Likitan dabbobin da kika haɗa ni da shi ya ce wani abu ne a maƙogwaronta yake aiki fiye da kima, shi ya sa take ci kamar gara tana ramewa, zuciyarta na gudu. Ya ba da ƙwayoyin rage gudun. Na sa kunne a ƙirjinta kamar yadda na saba yi wa inji a gareji tun ba a haifi likitan ba, na ji maganin ya sauke silo, wato bugun inji in yana tsaye, ya yi ƙasa sosai. Injin da aka yi wa haka mutuwa yake yi a kan hanya. Yanzu ko ƙadangare ba ta bi. Na faɗa masa, ya yi mini murmushin 'yan boko, irin wanda kika yi ranar da kika ƙwace makullin babur ɗina.

Ni ne,
Babanki

'Yata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, akwai abin da ban sa tela ya rubuta ba wancan karon. Tun ranar na daina ba ta ƙwayoyin. Suna cikin gwangwanin kusoshi.

Shekaranjiya da safe na same ta ƙarƙashin kujerar uwarki tana jan ƙafafun baya, sun yi sanyi kamar ƙarfe. Kukan da take yi ban taɓa jin irinsa ba. Na naɗe ta a tawul na kai ta a ƙafa, tunda babu babur.

Likita ya ce gudan jini ne ya taso daga zuciya ya toshe hanya. Na zube masa gwangwanin a tebur, har da kusoshin. Bai yi faɗa ba, da ya yi da na ji sauƙi. Ya ce maganin na rage gudun zuciya ne, ba na tsinka jini ba ne, kuma ba zai iya rantsuwa cewa da ta sha da ta tsira ba. Tela ya ce to ai an wanke ni. Ni dai na san wanda ya ɓoye su.

Uwarki ba ta bar mini amanar komai ba sai wannan dabba. Jiya magen ta cika a kan cinyata. Na sa kunne har silon ya tsaya.

Saura magana ɗaya, kada ki kira ki yi mini ihu. Nawa maganin hawan jinin da kike aikowa, shi ma yana wani gwangwanin, don dalilin nan ɗaya, kada a sauke mini silo. Yau na haɗiyi ɗaya, tela shaida ne.

Ki zo, ko ba da makullin ba.

Babanki