Na Dawo Minna Don Baba, Amma Kullum Ina Kan Hanya

Anti Zuliha, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, abin ya cika min ciki.

Ni mai zanen gine-gine ce, a jami'ar Minna da ke Gidan Kwano na yi karatu. Ina aiki da wani kamfani a Abuja mahaifiyarmu ta rasu, a 2011. Na roƙi ogana ya bar ni in koma Minna in riƙa turo masa zane ta imel, ya yarda. Na tattara na dawo Chanchaga wurin Baba, tunda 'yan uwana duk sun yi aure sun watse.

Watannin farko, Anti, ban taɓa jin daɗi irin nasu ba. In buɗe kwamfutata a baranda, Baba na gefe da rediyonsa, yana ɓare gyaɗa yana turo min a faranti. Ba ma wata doguwar hira. Bayan la'asar in rufe aiki, mu taka a hankali zuwa bakin kogi, yana ba ni labarin Bida ta ƙuruciyarsa da Nufanci, yana min dariya in na karya harshe.

Sai dangi suka gano aikina a jaka yake. Yayata Sa'adiya ta haihu a Kontagora, aka ce in je in zauna mata. Kawu ya kwanta asibiti a Bida, ni ce mai jinya. Daga nan Suleja, daga nan Ilori. Da farko har murna nake, ina ganin gari. Yanzu na gaji. Na yi zane a kan bencin asibiti, na yi da jariri goye a bayana, na zaga bayan gidan mutane ina ɗaga waya ina neman sabis. Ogana ya ja min kunne: in na sake makara da aiki, ko in koma ofis ko in ajiye.

Amma ba wannan ya fi damuna ba. Da na dawo makon jiya, na tarar Baba yana dogara sanda, maƙwabciyarmu Maman Sandra ce ke kai masa abinci. Ban san ranar da ya fara ba. Bai taɓa cewa in zauna ba, kullum sai ya ce in je, zumunci ne. Ga shi matar yayana Jamil ta kusa haihuwa a Kaduna, har sun gyara min ɗaki. Wallahi ina son su. Amma tun ban tafi ba nake kewar Baba.

Mai Kewa, Chanchaga

Amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya saka miki da alheri.

Kada ki ga laifin danginki da yawa. Ba su ga kina fita da safe ba, kuma duk sanda suka kira kin amsa, don haka a ganinsu hutu kike. Ke ma da naki hannun a ciki. Aikin da ake iya yi a ko'ina, in ba a yanka masa wuri da lokaci ba, lalacewa yake, ya lalata mai shi.

Ki kafa teburinki a gida, ki tsayar da lokacin farawa da na tashi, kowa ya sani. Sannan ki kira Sa'adiya da Jamil da kanki, ki gaya musu kashedin ogan, ki gaya musu zancen sandar. Ina zaton ba su sani ba. Ki je Kaduna ranar suna da goma ta arziki, ki kwana biyu ki dawo. Zaman jego a nemo wata daga dangin mai jegon. Jinya kuma a riƙa karɓa-karɓa. Wasu za su yi fushi. Ki ci gaba da gaishe su, zai wuce.

Ki kai Baba likita ya duba abin da ya sa shi dogara sanda. Kuma kada ki jira ya roƙe ki, irinsu ba sa roƙo. Ki ce masa ke ce kike bukatar zama kusa da shi, gaskiya ce kuwa, kuma zai fi sauƙin karɓa.

Za a sake haihuwa a danginku, 'yata, za ki kuma je. Wannan karon, ban da ranar suna, ki zauna wurin mahaifinki. Allah ya ƙara masa lafiya, ya sa wa aikinki albarka.

Anti Zuliha