Rumbunan Garin Ari

Unguwar Bolewa, Potiskum
3 ga Yuni

Zuwa ga 'yata Raudatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da aikin ofis a Damaturu. Mu nan lafiya lau, sai ciwon gwiwa, wanda ba ya tashi sai ranar Laraba in zan shiga kara, kasuwar shanu.

Bulama Kyari, mai garin Garin Ari, ya zo da taswirar yawan jama'a da kika zana, ya shimfiɗa mini ita a zaure. Aiki ya yi kyau. Yindiski ja wur, Mamudo ja, amma Garin Ari, inda aka haifi uwarki aka haife ni, kin shafa masa ruwan ɗorawa kamar mai shawara. Ashe shi ya sa bara da aka rarraba ungozomomin asibiti aka tsallake mu. Ya ce ƙarshen Yuli za a raba sauran, kuma inda ya yi ja ake dubawa.

To 'yata, shekara talatin ina dillancin shanu. Na san ramammen sa in an wanke shi an tsayar da shi inda rana ke haska shi, sai ya zama wani abu. Kwamfutar nan a gabanki take. Ki ɗan dangwalo ja ki shafa mana, kaɗan, yadda oganku ba zai lura ba. Taubashiyarki Zara, autata, da ke aure a Garin Ari, cikinta wata bakwai, kuma kin san kwarin da ke tsakaninsu da asibitin Mamudo in ruwa ya sauka.

Ki gaida kowa.

Kawunki,
Tanko

19 ga Yuni

'Yata Raudatu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin ƙaramin naki?

Wasiƙarki ta zo hannun direba, na karanta sau uku. Kin ce ba ke ke zaɓen launi ba, lamba ake ba manhajar ita kuma ta shafa, kuma mutum casa'in da shida ruwan ɗorawa ne ko garin wa ne. Sannan kika tuna mini da wayar da kika yi mini lokacin aikin, cewa hoton sama ya nuna rufi sama da ɗari, takarda kuma ta ce mutum casa'in da shida. Na ce miki rumbuna ne da ɗakunan awaki, kika yarda, don ni kawunki ne.

Ƙarya na yi miki. Ɗakunan mutane ne.

Da masu ƙidayar suka aiko za su zo, ni Bulama ya kira, wai ni ne ɗan birni mai ido. Ni kuwa abu ɗaya na tuna. A shekarun tashin hankali an zo unguwarmu an rubuta sunayen samari, aka ce tallafi za a ba su. Da takardar nan aka dawo ana kiran suna. Yayanki Jamaluddeen yana ciki. Shekara goma sha ɗaya ke nan, ba shi ba kabarinsa. Shi ya sa na ce wa Bulama a tura samari gona, kowane gida ya ce uku ko huɗu. Haka aka yi. Har a kasuwa na ba da labari ana dariya, wai na sayar wa 'yan boko iska.

Na so ki gyara ba tare da kin san ni na ɓata ba. Ki yafe mini.

Tunda kin ce in sahihin jeri ya zo da sa hannun Bulama kafin Yuli ya ƙare za ki kai wa oganku ki sake zanawa, ni zan je da ƙafata in ƙirga.

Kawunki,
Tanko

29 ga Yuli

Raudatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya. Na gode da saƙon ta'aziyya. Ban ɗaga wayarki ba, na gwammace in rubuto miki.

Ƙidayar ta ci mini sati uku. Wayon da na koya musu ya kama su sosai. In na tambaya sai su yi murmushi su ce uku, suna zaton gwada su nake. Sai da na tsaya a masallaci bayan Juma'a na ce ni ne na cuci garin, sannan ƙofofi suka buɗe. Ranar Litinin ta makon jiya na gama: ɗari huɗu da goma sha biyu, kowa da sunansa da shekarunsa.

Washegari Talata aka kwana ana ruwa. Bayan azahar naƙuda ta kama Zara. Nagoggo, ungozomar gargajiya ta garin, ta yi iya abin da ta sani, jini ya ƙi tsayawa. Muka sa ta a amalanke, muka tarar kwari ya cika. Muna hango hanyar Mamudo a tsallake, har babura muna gani. A bakin ruwan ta haihu, a nan kuma ta cika kafin la'asar. Hannuna take riƙe da shi. Ba ta san komai ba game da rumbunan.

Kwana Allah ne ya yanka, na sani, kowa ya faɗa mini. Amma na san wanda ya kori ungozomar tun bara.

Jaririyar tana raye, Nagoggo ce ke riƙonta. Jiya aka raɗa mata sunan uwarta.

Ga jerin nan da sa hannun Bulama. Jimilla ba ta canza ba, kwamfutarki ba za ta ga bambanci ba. In kin zo layi na ɗari biyu da bakwai za ki ga Zara. Ban goge sunan ba. Shekara ashirin da huɗu kawai na ja wa layi, na rubuta kwana bakwai.

Kada ki ƙara ko mutum ɗaya. Launin da ya fito, shi ne namu.

Allah ya yi miki albarka.

Kawunki,
Tanko