Hannun da ke cikin safar Baba

Zuwa ga ƙanena, Autan Inna,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ka. Ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, da fama da ɗalibai da ɗakin bincike. Allah ya ƙara basira, ya yi maka jagora. Mu nan sai godiya. Inna tana nan tana lallaɓa gwiwarta, yarana kuma sun koma makaranta, kunnuwanmu sun huta.

Bayan haka, wata magana ce ta hana ni sukuni, kuma ka san ni, ba na iya barin abu a ciki. Maganar safar hannun nan ce mai inji da ka ƙera ka aiko wa Baba bayan shanyewar ɓarin jikinsa, wadda ke motsa masa yatsu, ta auna ƙarfinsu, ta aika maka sakamako a kwamfutarka. Ranar da ka kira kana murna, ka ce cikin marasa lafiya goma sha biyu da kake gwaji da su babu wanda hannunsa ya farfaɗo kamar na Baba, har za ka sa shi a gaba a binciken da za ka miƙa wa jami'arku don ƙarin girma, wallahi a ranar na san dole in faɗa maka gaskiya. Auta, hannun nan ba na Baba ba ne. Na Inna ne.

Mako biyu kacal Baba ya sa ta. Ranar da ya ce a miƙo masa almakashinsa, ya ga yatsun da suka shekara arba'in suna yanka yadi sun kasa riƙe shi, sai ya ce a cire masa ita, ya juya fuska bango. Da ka fara kira kana tambayar dalilin da sakamako ya daina zuwa, Inna ta ce ba za ta iya jin muryarka a sanyaye ba. Kullum da safe sai ta zauna a kujerar keken ɗinkinsa, ta zura hannunta cikin safar, ta yi yadda ka koya mana. Har rage ƙarfi take yi da gangan wai kada ka gane, kowane mako ta ƙara kaɗan. Ni ce mai kunna mata, ba zan wanke kaina ba.

Ban san dokar aikinku ba, amma na san ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma sunanka ne a kan binciken. Ka cire Baba tun kafin ka tsaya gaban manyanka. Idan hakan zai ja maka jinkiri, ka yafe mana. So ne ya kai mu, da rashin sani, kuma ina jin kunyarka ƙwarai.

Jiya na faɗa wa Baba komai. Sai ya ce in rubuta maka haka: "Zan sake sa ta, amma shi zai zo ya ɗaura mini da kansa."

Ka gaida mini amaryarmu da takwaran Baba. Maigidana da Kawu suna gaishe ka. Inna ma haka, ko da yake ba ta san abin da na rubuta ba. Na ɓoye safar a akwatina, daga gobe ba abin da zai zo maka a kwamfuta. Kada ka nemi gyara, ka nemi hutu ka zo.

Taka har kullum,
Yayarka.